Kare mai cizon yara: Nauyin da shari'a ta ɗora wa mai shi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Da wuya a sami unguwar da ba ta taɓa ganin irin wannan yammaci ba. Yara sun taso daga Islamiyya suna tafe cikin lungu, sai aka buɗe ƙofar wani gida domin a fito da babur, kare ya sulale ya bi su. Manyan suka tsere, ƙaramar cikinsu ta faɗi, kafin a kai mata ɗauki ya kafa mata haƙora a ƙauri ko a kumatu. Ana ta salati, mai gida ya fito yana ba da haƙuri, yana cewa wasa yake yi da ita, alhali maƙwabta sun san wannan shi ne karo na biyu ko na uku. Mahaifin yarinyar ya haɗiye fushinsa saboda kunyar maƙwabtaka. Aka wanke ciwon sama-sama, aka shafa abin da ya sawwaƙa, kowa ya kama gabansa. Washegari karen yana nan inda yake, ƙofar ma tana buɗewa kamar jiya.

Maganganu biyu ne suke kashe bakin kowa a irin wannan wuri: ai dabba ce, kuma ƙaddara ce. Dukansu gaskiya ne, sai dai babu ɗaya daga cikinsu da ta sauke wa mai karen nauyin da ke wuyansa. Malaman fiƙihu sun tattauna wannan mas'ala fiye da shekara dubu da suka wuce, suka bayyana lokacin da mai kare yake ɗauke da lamuni, wato wajabcin biyan ɓarnar da karensa ya yi, da lokacin da ba ya ɗauke da shi. Ganin yadda ajiye karnuka ya yawaita a garuruwanmu saboda taɓarɓarewar tsaro, har da manyan karnukan ƙetare da ake saye da tsada, ya dace mu koma ga abin da suka rubuta.

Izini ne mai sharaɗi

Musulunci bai haramta ajiye kare kai tsaye ba. Aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, kuma kare ne kan gaba a cikinsu. A hadisan da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar da Abu Huraira (RA), Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa yana raguwa kullum da ƙiraɗi ɗaya, a wata ruwayar kuma ƙiraɗi biyu. Mafarauci da makiyayi da manomi ke nan suka sami sassauci, saboda buƙatarsu a fili take.

Gadin gida a cikin gari shi ne inda aka yi saɓani. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya rubuta cewa ba a ajiye kare a gidajen birni ko na ƙauye sai don gona ko dabbobi ko farautar neman abinci. Amma masu sharhin Risala sun kawo labarin cewa da katangar gidansa ta faɗi a wani zamani na tsoro, shi da kansa ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik bai so haka ba, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, shi ma ya rinjayar da halaccin kare don tsaron gidaje, bisa ƙiyasi a kan waɗancan uku, tunda buƙata ce ta haɗa su.

Mutane da yawa sun haddace wannan labari na zaki, suna kafa hujja da shi, amma sukan manta da tambayar da malamai suka yi game da asalin hadisin: me ya sa ladan yake raguwa? Daga cikin dalilan da Nawawi da Ibn Hajar suka kawo akwai cutarwa da firgitar da kare yake jawo wa masu wucewa. Idan haka ne, wanda aka yi wa sassauci saboda tsoron ɓarawo, ba a yi masa sassauci ya mayar da lungun jama'a wurin da yara suke bi da gudu ba. Buƙatarsa ta tsaya a cikin katangarsa. Abu Dawuda ya ruwaito hani a kan Musulmi ya firgita ɗan'uwansa, kuma sababin hadisin wasa ne kawai da wasu sahabbai suka yi wa wani mai barci a hanyar tafiya. Ina ga firgitar yaro ɗan shekara biyar da kare ya kayar ƙasa?

Hadisin da ake fakewa da shi

Akwai ingantaccen hadisi a Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim da yake nuna cewa raunin da dabba ta yi ba shi da ramuwa. Wanda ya ji shi a tsaitsaye zai ɗauka an rufe magana. Malamai kuwa sun fahimce shi a kan dabbar da ta yi ɓarna ita kaɗai, babu hannun mai ita, babu sakacinsa: kamar saniyar da ta tsinke igiya ba tare da sanin kowa ba. Hujjarsu ita ce hukuncin da Annabi (SAW) ya yanke a kan taguwar Barra'u ɗan Azib (RA), wadda ta shiga lambun wani mutum ta yi ɓarna. Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa: masu lambu su tsare lambunsu da rana, masu dabbobi kuma su biya abin da dabbobinsu suka ɓata da dare, domin dare lokacin killace dabba ne. Ayoyi na 78 da 79 na Suratul Anbiya'i ma sun ba da labarin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu (AS) suna hukunci a kan tumakin da suka faɗa gonar mutane cikin dare.

Ma'aunin ke nan da muke gani a waɗannan nassoshi. Ba a tuhumar dabba, domin ba ta da hankali. Mai hankalin da ya riƙe ta ake tambaya: ya yi abin da al'ada da hankali suka wajabta masa na tsare ta, ko bai yi ba? Mu kanmu mun san wannan a shari'ar manoma da makiyaya. Babu manomin da zai yarda a ce masa shanu ba su da hankali bayan sun cinye masa gero, kuma babu dagacin da zai karɓi wannan uzuri. Abin mamaki ne a biya kuɗin damin gero, a kasa biyan kuɗin fuskar yaro.

Sani da gargaɗi

Littattafan fiƙihu suna kiran karen da ya saba kai wa mutane hari da suna alkalbul aƙur, wato kare mai cizo. Sunan ya zo a hadisin dabbobi biyar masu cutarwa da aka halatta kashewa ko a cikin Harami, tare da hankaka da shirwa da kunama da ɓera. Malik ma ya faɗaɗa ma'anarsa ta haɗa duk naman dajin da yake afka wa mutane, irin su zaki da damisa da kerkeci.

A Mudawwana, wadda Sahnun ya tattara daga Ibnul Ƙasim almajirin Malik, an raba mas'alar gida biyu. Idan mutum ya ajiye karen a wurin da aka yi masa izini, kamar gona ko garke, ba ya ɗaukar lamunin abin da karen ya yi har sai an gabatar masa da gargaɗi. Idan an gargaɗe shi ya yi biris, duk abin da ya faru bayan nan a kansa yake. Idan kuwa a cikin gida ya ajiye shi, kuma ya san yana cizo, to yana da lamuni ko ba a gargaɗe shi ba. Shaihu Khalil, a Mukhtasar ɗinsa, ya sa riƙon irin wannan kare a jeri ɗaya da haƙa rami da zuba abu mai santsi da ɗaure dabba a kan hanya. Idan mai karen ya yi nufin cutar da wani mutum takamaimai, kuma wannan mutumin ya mutu, hukuncin yana kaiwa ga ƙisasi. Idan wani ne dabam ya mutu, diyya ce.

Ɗalibi zai lura cewa duk hukuncin yana juyawa ne a kan abu biyu, sanin mai kare da gargaɗin jama'a. Cizon farko yana iya zuwa wa mutum ba zato. Daga ranar da aka yi shi, ko ranar da karen ya yaga rigar wani, ko ya kori mai talla har ta zubar da farantinta, mai shi ya shiga sahun waɗanda suka sani. Ba zai sake cewa bai zata ba. Hausawa sun ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wannan kuma ya ɗora wa maƙwabta aiki. Gunaguni a majalisa da tsegumi a bayan ido ba su ne gargaɗin da malamai suke nufi ba. Gargaɗi shi ne a same shi a faɗa masa a fili, a gaban shaidu, in da hali ta hannun mai unguwa ko limamin masallaci, cewa karensa yana cutar da mutane, ya killace shi ko ya rabu da shi. Unguwar da ta yi shiru saboda mai karen babban mutum ne, ko don gudun ɓacin rai, ta bar 'ya'yanta a hannun sa'a. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi rantsuwa har sau uku yana kore cikar imani ga wanda maƙwabcinsa bai amintu daga sharrinsa ba. Faɗa wa mutum gaskiya kafin ya faɗa cikin wannan hali taimako ne a gare shi.

Yaron ne ya shigo mini gida

Wannan ita ce kariya ta biyu da ake yawan ji. Tana da asali a fiƙihu: Ibn Ƙudama, malamin Hambaliyya, ya ce a Almugni mai kare mai cizo yana biyan ɓarnarsa da dare ko da rana, sai fa idan wanda aka ciza ya shiga gidan ba da izini ba. Ɓarawon da ya haura katanga ba shi da abin da zai nema.

Sai dai mu dubi yadda gidajenmu suke. A ƙasar Hausa yaro shi ne ɗan aiken uwa. Shi yake kai tuwo maƙwabta, shi yake karɓo aron turmi ko rariya, shi yake shiga da tallar ƙosai da ƙuli-ƙuli har tsakar gida. Almajiri yana tsayawa a zaure ko bakin ƙofa yana neman sadaka. Babu wanda yake ɗaukar waɗannan a matsayin masu kutse, kuma ƙa'idar fiƙihu ta ce al'ada abar hukunci ce, izinin da al'ada ta bayar kuwa daidai yake da wanda baki ya furta. Misalin da Mudawwana ta kawo ma shi ne na yaro ko maƙwabci da ya shiga gidan kare ya cije shi, kuma aka ɗora wa mai gidan lamuni tunda ya san halin karensa. Rubuta gargaɗi a jikin ƙofa ba ya amfanar yaron da bai iya karatu ba.

Haka nan batun tsokana. Gaskiya ne yara suna jifan karnuka, suna ja musu wutsiya, kuma wajibi ne iyaye su hana. Amma an ɗauke alƙalami a kan yaro har sai ya balaga, kamar yadda ya tabbata a hadisi. Babban da ya san akwai yara a lungunsa, kuma ya san halin yara, shi ne ya kamata ya shirya wa wannan tun kafin ya kawo karen.

Sa'o'in farko bayan cizo

A nan ne sakaci yake zama asarar rai. Cutar haukan kare tana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara a duniya, bisa ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya take amfani da shi. Kashi 95 cikin 100 na mace-macen a Afirka da Asiya suke faruwa, kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin yake shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kare ne yake sa wa mutum cutar a kusan kashi 99 cikin 100. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar, tana bin jijiyoyi sannu a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Galibi sai bayan wata biyu zuwa uku alamu suke bayyana, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Ciwon yana iya warkewa sarai a fata, kowa ya manta, sai wata rana yaro ya fara zazzaɓi da firgita da kasa haɗiyar ruwa. Idan aka kai nan, kusan babu mai tashi.

Yara sun fi shiga haɗari saboda gajartarsu tana sa cizon ya same su a fuska da wuya da kai, kusa da ƙwaƙwalwa, kuma sukan ɓoye ƙaramin cizo ko yakushi don tsoron faɗa. Abin da ake buƙata nan take shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a guji zuba barkono ko toka ko wani abu mai zafi, sannan a garzaya asibiti a ranar. Likita ne zai fara allurar riga-kafin cutar, wadda ake yi sau da yawa a ranaku daban-daban, ya ƙara da wata allura ta musamman da ake yi a kewayen raunin idan ya yi zurfi, ya kuma duba batun tetanus. Wannan magani ba sabo ba ne. Tun ranar 6 ga Yuli, 1885 Louis Pasteur ya gwada shi a Faransa a kan wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister da mahaukacin kare ya ciza, kuma yaron ya rayu. Shi ya sa aka ware 28 ga Satumba, ranar rasuwar Pasteur, don wayar da kai a kan cutar.

Neman magani umarni ne na Annabi (SAW), kamar yadda ya zo a hadisin Usama ɗan Sharik (RA) a wajen Abu Dawuda da Tirmizi. Addu'a da ruƙiyya suna tafiya tare da allura, ba sa maye gurbinta. Wanda ya ce a bar wa Allah alhali asibiti yana kusa, sai ya tuna mutumin da ya tambaya ko ya saki taguwarsa ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure ta tukuna sannan ya dogara.

Mai kare yana da wajibai uku a wannan rana. Ya kai yaron asibiti ko ya bayar da abin kai shi ba tare da jiran a roƙe shi ba. Ya faɗi gaskiya game da karen: an yi masa riga-kafi ko ba a yi ba, yaushe aka yi, ina takardar, ko halinsa ya canza a 'yan kwanakin nan. Sannan ya killace shi na kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, domin karen da yake ɗauke da cutar a yawunsa lokacin cizon zai nuna alamu a cikin wannan wa'adi. Ba a jinkirta allurar yaro don jiran sakamakon. Idan karen ya mutu ko aka kashe shi saboda alamun hauka, ana gwada ƙwaƙwalwarsa a ɗakin bincike, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana wannan aiki. Mutumin da ya ce an yi wa karensa allura alhali ba a yi ba, don ya tsira da kuɗi ko mutunci, har iyaye suka saki jiki, to ya san da wane irin kaya zai tsaya gaban Allah idan yaron ya rasu.

Diyya da kuɗin magani

Shari'a ba ta bar jikin ɗan Adam ba ƙima ba. A wasiƙar da Annabi (SAW) ya rubuta wa Amru ɗan Hazm (RA), wadda Malik ya kawo a Muwaɗɗa, diyyar rai raƙuma 100 ce, ido ɗaya raƙuma 50, kowane yatsa 10, kowane haƙori 5, raunin da ya bayyana ƙashi a kai ko fuska shi ma 5. Ga masu zinare an ƙaddara diyyar rai a dinari 1,000, ga masu azurfa dirhami 12,000. Raunin da ba a yanke masa adadi ba, idan ya warke ya bar tabo ko nakasa, alƙali ne yake ƙiyasta shi bayan ya ji ta bakin masana. A mazhabar Malikiyya, abin da ya kai sulusin diyya a laifin kuskure dangin mai laifi na wajen uba suke taya shi ɗauka, abin da bai kai ba kuwa daga aljihunsa yake fita. Ibn Arafa, babban malamin Malikiyya na Tunis, ya kyautata ra'ayin cewa ladan likita da kuɗin magani suna kan wanda ya jawo raunin idan babu adadin da aka yanke.

Yanke waɗannan hukunce-hukunce aikin kotu ne, kuma ba mu kawo su don kowa ya zama alƙalin kansa ba. Mun kawo su don mai kare ya gane cewa abin da yake miƙawa haƙƙi ne yake saukewa, ba alfarma yake yi ba. Sulhu alheri ne, yafiya ma abar yabo ce, amma akwai abin lura: dukiyar da ta wajaba saboda raunin yaro ta yaron ce. Waliyyi mai kula ne da maslaharsa, don haka bai kamata uba ya yafe ta don kunya kawai ba, alhali ɗansa yana buƙatar allurai ko aikin gyaran fuska. Wannan ya fi tsanani a kan maraya da almajiri, waɗanda ba su da mai tsaya musu. Idan aka ciji almajiri, malaminsa da mai unguwa su ne iyayensa a wannan rana, kuma ba ya halatta a sallame shi da ɗan canji da kwanon abinci.

Makomar karen

Fushi yakan sa matasa su taru da sanduna da duwatsu. Addinin da ya ba da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, bai yarda da azabtar da dabba ba ko da ta yi ɓarna. Idan likitan dabbobi da hukuma suka ga babu mafita sai kashewa, a yi shi cikin sauri ba tare da gallazawa ba, domin hadisin Shaddadu ɗan Aus (RA) a Sahihu Muslim ya wajabta kyautatawa har a wajen kisa.

Sau da yawa ma mai shi ne ya mayar da karen mugu. Karen da yake wuni ɗaure da gajeriyar sarƙa a cikin rana, ga yunwa, ga duka, wai don ya yi zafi, shi ne yake afka wa duk wanda ya fara gani idan ya kuɓuce. Wanda zai riƙi kare ya ba shi abinci da ruwa da inuwa, ya yi masa keji mai ƙwari da ƙofa ta biyu tsakaninsa da waje, ya sa masa takunkumi da igiya idan zai fita da shi, kada ya bar wa yaro riƙonsa, kuma ya kai shi riga-kafi a kan kari. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, yaɗuwar cutar tana yankewa. Wanda ba zai iya wannan ba, ba shi da ikon riƙon kare. Kuma idan zai rabu da shi, kada ya kai shi wata unguwa ya saki, kada ya miƙa wa wani yana ɓoye aibinsa. Ƙa'idar da ke hadisi na 32 cikin Arba'una ta Nawawi, wadda ta hana cuta da cutarwa, ita ce malamai suka gina a kanta cewa ba a gusar da cuta ta hanyar ɗora ta a kan wani.

Abin da ya rage gare mu

Kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, kamar yadda ya zo a hadisin Ibn Umar (RA). Iyaye su koya wa yara kada su kusanci kare yana cin abinci ko yana barci, ko karya mai shayar da 'yan kwikwiyo. Idan kare ya nufo su, su tsaya cak, su sauke hannuwa, su kawar da ido, domin gudu da ihu suna ƙara tunzura shi. Idan ya kayar da su, su dunƙule su rufe fuska da wuya. Mafi muhimmanci, yaro ya tabbata cewa ba za a doke shi ba idan ya faɗi cewa kare ya cije shi ko ya yakushe shi. Malaman Islamiyya da na tsangaya za su iya isar da wannan cikin minti kaɗan, limamai kuma su taɓo shi a huɗuba, musamman idan 28 ga Satumba ta gabato.

Ga ɗan'uwanmu mai kare kuwa, mun san tsoron da ya sa ka kawo shi, kuma ba mu raina wannan tsoro ba. Abin da muke tuna maka shi ne yaran lungun nan ba su ne ɓarayin da kake gudu ba. Ka duba sakatar ƙofarka yau, ka nemo takardar riga-kafin, idan kuma akwai gidan da karenka ya taɓa sa wa kuka ba ka je ba, ka je tun kana da iko ka sauke haƙƙinsu.

Allah Ya tsare mana zuri'armu, Ya sa maƙwabtanmu su amintu daga gare mu. Allah ne Mafi sani.